Ɗan yayata na fuskantar ɗaurin shekara 2 zuwa 20 a Teksas saboda ledar alewa, ku taimaka min da bayani

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki, shi ya sa na ce bari in kawo kukana nan, ko Allah zai sa a sami wanda ya san kan dokar jihar nan ta Teksas a Amurka.

Ɗan yayata ne, shekararsa 20, yana aji biyu a jami'a da bizar karatu. A hannuna yake tun ranar da ya sauka, amana uwarsa ta ba ni. Daren Asabar ya ari motata zai mai da abokansa uku gida daga wata walima. Wajen ƙarfe ɗayan dare ɗan sanda ya tsayar da su saboda fitilar baya ta hagu ta mutu. Fitilar nan sati biyu ina cewa gobe zan kai a gyara, kuma abin yana ci na har yanzu. Da ya haska tocila sai ya hango gwangwanin giya a buɗe a ƙasan kujerar baya. Ya ce duk su fito. Ya sa yaron ya hura na'urar gwajin numfashi, ba a sami komai ba, domin ba ya sha. Sai ya tambaye shi ko ya yarda a duba motar, shi kuma ya ce a duba, tunda a ganinsa ba shi da abin ɓoyewa.

A ɗan akwatin da ke tsakanin kujerun gaba aka sami wata leda mai zif, cike da irin alewar nan mai danƙo da ake haɗawa da sinadarin wiwi. An tambaye su ta waye, su huɗun kowa ya yi gum. Na kujerar baya an rubuta musu takardar tara sun tafi gida. Shi da ke riƙe da sitiyari aka sa wa ankwa.

Sai ranar Litinin na fito da shi. An yanka beli dala 10,000, na ba mai tsaya wa mutane beli dala 1,000 wadda ba za ta dawo ba. Da na karɓe shi a bakin ƙofa, takalminsa babu igiya, ya kasa ɗaga ido ya dube ni. Ya rantse min da Allah ba tasa ba ce, ta wanda ya zauna a gaba ce, wai daga Niyu Meksiko ya sayo ta lokacin hutu. Na yarda da shi, amma yardata ba ita alƙali zai duba ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne takardar tuhumar. An rubuta rukuni na 2 na ƙwayoyin da doka ta hana, giram 4 zuwa 400, kuma lauyan da kotu ta ba shi ya ce hukuncin wannan shekara 2 ne zuwa 20. Alewa fa! Ni da nake jin ana cewa an halatta wiwi a Amurka, har shaguna nake gani a bakin titi da hoton ganyen a jikin gilashi. Lauyan ya ce kada mu damu, tunda laifin farko ne zai nema masa ɗaurin talala, ya amsa laifi, in ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar. Mintinsa goma bai cika da mu ba. Shin mu karɓa? Karatunsa da bizarsa fa? Ban gaya wa uwarsa ba tukuna, ban san ta inda zan fara ba.

Direban Tirela ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo mafita, ya sa iyakar wahalar ke nan.

Ni dai shekarata 14 ina jan babbar mota a hanyoyin jihar nan, abin da na sani shi zan faɗa. Wannan magana ta cewa an halatta wiwi a Amurka ita ke kai yaranmu ta baro. Kowace jiha da dokarta. Kolorado ta halatta tun 2012, Niyu Meksiko ta fara sayarwa a shago a 2022, amma da zarar ka tsallako iyaka ka shigo Teksas, abin da ka saya da rasit ya zama laifi a aljihunka. Duk wanda ya saba bin babbar hanya mai lamba 10 daga El Paso ya san shingen Sierra Blanca da karnukansa.

Ki gode wa Allah da bai kurɓi komai ba. Wanda bai kai 21 ba, ko ɗigo aka gano a jikinsa yana tuƙi laifi ne, ba ruwansu da ko ya bugu ko bai bugu ba. Ga manya kuwa ma'aunin giya a jini 0.08 ne, mu masu lasisin manyan motoci 0.04. Kamun farko tara har dala 2,000 da kwana 3 zuwa 180 a tsare. Na biyu daga wata ɗaya har shekara. Na uku ya zama babban laifi, shekara 2 zuwa 10. In kuma da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a motar, ko kamun farko ne babban laifi ne. Ka ƙi hura na'ura, su dakatar da lasisinka kwana 180. Na ga magidanci da ya rasa aikinsa a kan kwalba biyu da ya sha ranar hutunsa, a cikin ƙaramar motarsa ma, ba ta aiki ba.

Gwangwanin da ke buɗe ƙaramin abu ne, tara ce da ba ta wuce dala 500. Shawarata ku karɓi tayin lauyan. Ja-in-ja da gwamnati kuɗi yake ci, kuma tunda an ce za a kori ƙarar daga baya, gara ku rufe babin ya koma makaranta.

Tafinta ya rubuta:

Malam Direba, duk abin da ka faɗa kan tuƙi daidai ne, amma shawararka ta ƙarshe ina roƙon Hajiya kada ta bi ta. Ni ba lauya ba ne. Aikina fassara a kotu, shekara tara ina tsayawa kusa da mutane lokacin da suke cewa na amsa laifi, kuma na ga abin da kalmar nan take jawo wa wanda ba ɗan ƙasa ba.

Hajiya, bari in fara da abin da ya ɗaure miki kai. Dokar Teksas ta raba ganyen wiwi da sinadarin da ake tatsowa daga cikinsa. Da ganye aka samu, oza 2 ko ƙasa da haka, wato wajen giram 56, ƙaramin laifi ne: tara har dala 2,000, ɗauri bai wuce kwana 180 ba. Oza 2 zuwa 4, har shekara ɗaya da dala 4,000. Sai ya haura oza 4 yake zama babban laifi. Amma man da ake zubawa a sigarin lantarki, da alewa, da cakulan, da duk abin da aka haɗa da tataccen sinadarin, suna rukuni na 2, kuma a can babu ƙaramin laifi ko kaɗan. Ƙasa da giram 1, kwana 180 zuwa shekara 2. Giram 1 zuwa 4, shekara 2 zuwa 10. Giram 4 zuwa 400, shekara 2 zuwa 20 da tara har dala 10,000. Nan aka ajiye ɗanki.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake awo. Ba sinadarin kaɗai suke ɗorawa a sikeli ba, har da duk abin da aka cakuɗa shi da shi. Sukari, danƙo, kala, duk nauyin ƙwaya ne a idon doka. Alewa goma da sinadarin cikinsu bai kai ko rabin giram ba za su iya yin giram 40 a sikeli. Shi ya sa wanda aka kama da dunƙulen ganye cike da tafin hannu zai iya tashi da ƙaramin laifi, mai ledar alewa kuma a jera shi layi ɗaya da wanda aka kama da giram 100 na hodar ibilis. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne, amma haka aka rubuta ta, haka kuma ake aiki da ita.

Shagunan da kike gani kuma, a 2019 jihar ta halatta wani nau'in tsiron wanda sinadarin maye a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, kayansa suke sayarwa. A 2025 majalisar jiha ta zartar da dokar hana duk kayan da ke da sinadarin mayen, Gwamna Greg Abbott ya hau kujerar na-ƙi, ba ta zama doka ba. Wannan ya shafe ku, domin sai mai gabatar da ƙara ya kawo sakamakon ɗakin gwaji da ke nuna abin da ke cikin alewar da yawansa. Ku tambayi lauya ko sakamakon ya fito. Ba a amsa laifi a kan abin da ba a ma auna ba tukuna.

Haka nan kada labarin sassauci ya ruɗe ku. Gundumar Harris, inda Hiyuston take, a 2017 ta fara shirin da ke ba wanda aka kama da ɗan ganye damar zaman aji na awa huɗu maimakon kotu. Mutanen Ostin sun kaɗa ƙuri'ar daina kama masu ɗan ganye a 2022, Dalas ta bi sahu a 2024, babban lauyan jihar Ken Paxton kuma ya maka biranen a kotu. Duk wannan maganar ganye ce, ba ta taɓa rukuni na 2 ba. Jihar tana da gundumomi 254, kuma abin da aka kau da kai a kansa a wannan, a ta gaba kwana za ka yi a tsare.

Yanzu ga babbar maganar. Tayin da lauyan ya kawo, a kotun jiha gaskiya ne ba a rubuta shi a matsayin hukunci idan mutum ya gama talalarsa lafiya. Amma dokar shige da fice ta tarayya ce, kuma ma'anarta dabam. A wurinta, muddin mutum ya amsa laifi a gaban alƙali, aka kuma ɗora masa wani sharaɗi ko tara ko talala, to an same shi da laifi, ko da an kori ƙarar bayan shekara biyu. Laifin ƙwaya kuwa yana sa a kori baƙo daga ƙasar, ko mai bizar karatu ne ko mai katin zama na dindindin. Togaciya ɗaya ce tak: laifi guda na mallakar wiwi giram 30 ko ƙasa don amfanin kai. Ita ma kora kawai take tsarewa, ba ta hana a tare mutum a filin jirgi in ya fita ya dawo.

Na taɓa yi wa wani saurayi fassara, ya sa hannu yana murmushi domin an ce masa yau zai kwana a gida. Ni na karanta masa gargaɗin da ke cikin takardar cewa amsa laifi na iya shafar zamansa a ƙasar, layi ɗaya ne a tsakiyar shafi na uku, ya gyaɗa kai bai tsaya ya tambaya ba. Aikina ya hana ni in ce masa dakata. Har yau ina tuna yadda ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun riga.

Tun 2010 Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Padilla da jihar Kentaki, ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa wanda yake karewa idan amsa laifi zai jawo masa kora. Ku tambayi lauyanku wannan kai tsaye. Sannan ku nemi lauyan shige da fice ya duba duk takardar da za a sa wa hannu kafin a sa. Akwai gundumomin da ke da shirin karkatar da ƙara tun kafin shari'a, wanda a wasu wuraren ba ya buƙatar amsa laifi a gaban alƙali. Tsakanin wannan da ɗaurin talala akwai tazara mai nisa ga baƙo.

Kuma ba a gama da batun ko ledar tasa ce ba. Zama kusa da abu ba shi ne mallakarsa ba. Sai sun nuna ya san da ita kuma tana ƙarƙashin ikonsa. Motar ba tasa ba ce, mutum huɗu ne a ciki, akwatin kuma hannun na gaba yana kaiwa. Ku sa lauya ya nemo bidiyon kyamarar da ke jikin ɗan sandan.

Kafin nan, kada ya fita daga Amurka ko da rasuwa aka yi, Allah ya kiyaye. Kada ya yi maganar da abokan nan ta waya ko ta saƙo, kada kuma ya goge saƙonnin da ke wayarsa. Ranar kotu ko da rarrafe ya je.

Direban Tirela ya rubuta:

Malam Tafinta, na janye. Wallahi ban san talala tana bin mutum har ofishin shige da fice ba. Hajiya ki bi tasa, ki bar tawa.

Nas Mai Aikin Dare ta rubuta:

Yaya, sannu da wannan jarrabawa. Ni ba zan ƙara komai kan shari'ar ba, amma tunda na san iyaye da yawa za su karanta, akwai abu biyu da nake so su sani.

Takardar tarar da aka ba yaran baya ba a nan take ƙarewa ba. Wanda bai kai 21 ba aka same shi da giya, ko sha ko saye ko riƙewa kawai, ban da tarar da ke iya kaiwa dala 500 akwai ajin wayar da kai na dole, da aikin al'umma awa 8 zuwa 12, da dakatar da lasisi kwana 30. Karo na biyu kwana 60, na uku kwana 180, kuma a na ukun ana iya ɗaure shi. Wanda ya ba su giyar shi ya fi shiga uku, domin nasa har shekara ɗaya ne da dala 4,000. Yayyen da suka cika 21 suna sayo wa ƙannensu, su ji da kyau. Sannan a jihar nan ɗan shekara 17 kotun manya ake kai shi.

Na biyun shi ya fi damuna. A sashen gaggawa nake aiki, kuma abin da ke karya min zuciya shi ne yaron da aka kawo da asuba alhali tun tsakar dare ya daina amsawa. Abokansa sun kwantar da shi a kujera sun ce barci zai warware shi, saboda suna tsoron in sun kira 911 za a kama su. Tun 2011 akwai doka a Teksas da ta ce yaron da ya fara kiran agaji saboda wani ya sha giya ta fi ƙarfinsa, ya tsaya a wurin har ma'aikata suka zo, ya ba su haɗin kai, ba za a tuhume shi da sha ko riƙe giya ba. A 2021 an yi makamanciyarta kan ƙwaya, ko da yake ita tana da sharuɗɗa masu tsauri. Ku gaya wa 'ya'yanku wannan ko da kun tabbata ba sa sha, domin wataƙila ɗanku ne kaɗai mai hankalinsa a ɗakin ranar. In mutum ba ya farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canja launi, a juya shi ta gefe a kira agaji nan take.

Kuma a daina karɓar ƙwaya daga hannun aboki da sunan maganin barci ko na karatu. Riƙe maganin da sai da takardar likita ake bayarwa, ba tare da takardar ba, laifi ne, har da maganin tari mai kodin, wanda shi ma da ruwansa ake auna shi. Ƙwayoyin jabu da yawa fentanil ne a ciki, wani sinadari mai ƙarfi da ɗan kaɗan ɗinsa ke iya kisa, kuma tun 2023 wanda ya ba wani fentanil ya mutu ana iya tuhumarsa da kisan kai.

Kawu ya rubuta:

'Yata, ki kira uwarsa yau. Na fahimci nauyin da kike ji, amma ɗanta ne, kuma in ta ji a bakin wani ciwon zai zama biyu. Addu'arta ma yana buƙata. Shi kuma yaron kada ki haɗa masa zafi biyu da faɗa yanzu, ya riga ya ga abin da ya gani. Lokacin zama a yi maganar irin abokan da yake ɗauka a mota yana nan zuwa.

Maman Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na kira ta jiya bayan sallar asuba. Ta yi kuka, ni ma na yi, sannan ta ce in ba shi wayar. Sun fi awa ɗaya suna magana, na fita na ba su wuri.

Malam Tafinta, na koma wurin lauyan da tambayarka a rubuce a takarda don kada in ruɗe. Da na karanta masa sai ya ajiye biro ya ce ashe yaron ba ɗan ƙasa ba ne? Bai ma duba ba. Ya ce sakamakon ɗakin gwaji bai fito ba, kuma zai nemi a ɗaga zaman. Mun sami wata lauyar shige da fice, za mu gan ta ranar Alhamis, dala 250 kuɗin ganawa. Ta ce kada ya sa hannu a komai kafin nan.

Akwai wani abu kuma. Yaron ya nuna min saƙon da wanda ya zauna a gaba ya turo masa washegarin kamun, yana ba shi haƙuri, yana cewa tsoro ne ya hana shi magana. Bai ambaci ledar da sunanta ba. Shin wannan zai yi amfani? Kuma makaranta fa, mu je mu gaya musu da kanmu ko mu jira?

Tafinta ya rubuta:

Zai iya yin amfani sosai, Hajiya. Ku ɗauki hoton saƙon yadda kwanan wata da lambar za su fito, ku ajiye a wuri biyu, wayar kuma kada a canja ta. Kada ya ba shi amsa, kada kuma ke ki kira abokin nasa ko iyayen abokin, domin ana iya juya shi a ce kun matsa wa shaida. Lauya ne zai san yadda zai bi da shi.

Maganar makaranta ki bari sai kun ga lauyar ranar Alhamis, ita za ta faɗa muku abin da za a ce da wanda za a gaya wa. Abin da ke hannunsa yanzu shi ne kada ya yi fashin aji ko ya rage darussa, domin bizar karatu a kan cikakken karatu take tsaye. Ku tafi mata da fasfo ɗinsa, da takardar makaranta ta shige da fice, da takardar beli, da ta tuhuma, da sunan kotun da ranar zama.